Ɗafin Bayanau a Hausa: Daga "a zaune" zuwa "a hukumance"

Akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a ajin nahawu da kuma wurin masu fassara: Turanci yana da -ly, Faransanci yana da -ment, to Hausa da me take gina bayanau? Amsa biyu aka fi ji. Wasu sukan ce Hausa ba ta da irin wannan ɗafi sam, sai dai ta yi dabara da "da" ko "cikin", kamar a "da sauri" da "cikin natsuwa". Wasu kuma sukan ce ai wasalin -e na ƙarshen "zaune" da "taƙaice" shi ne -ly ɗin Hausa, magana ta ƙare. Kowace amsa ta kama wani gefe na gaskiya ta saki wani. Hausa tana da hanyoyi fiye da ɗaya na sauya ƙarshen kalma don ta zama bayanau, ba su yi daidai da na Turanci ba, kuma ɗaya daga cikinsu tana kan girma a bakin mutane yanzu haka.

Ma'anar kalmomin da za a yi aiki da su

Bayanau kalma ce, ko 'yar ƙungiyar kalmomi, da ke ƙara haske a kan aikatau ko sifa ko jimla gaba ɗaya. Tana faɗin yaushe abu ya faru (jiya, bara), ko a ina (nan, ƙasa), ko ta yaya (sannu, a guje), ko ƙarfinsa (ƙwarai, sosai). Ɗafi kuwa guntun sauti ne mai ma'ana wanda ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an liƙa shi a jikin saiwar kalma. In a gaba aka liƙa shi, ɗafa-goshi ke nan, kamar ba- a "Bahaushe". In a baya ne, ɗafa-ƙeya, kamar -una a "kekuna". Wannan sharhi a kan ɗafa-ƙeya yake.

Sai wasu abubuwa biyu da ba a ganinsu a rubutun yau da kullum amma kunne yana jinsu: karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa, da tsawon wasali. Duk wanda ya ajiye waɗannan biyu gefe ba zai fahimci bayanau na Hausa ba, domin a wurare da yawa su ne ke ɗauke da nauyin aikin.

Inda ruɗanin ya samo asali

Yawancin ɗalibai sun fara jin bayanin bayanau ne a darasin Turanci, inda aka koya musu cewa ana ɗaukar sifa a ƙara mata -ly: quick ya koma quickly. Daga nan sai ƙa'idar ta zauna a kai kamar dokar kowane harshe ce. Alhali ko a Turancin ba ta cika ba. Kalmar friendly sifa ce duk da -ly ɗinta, fast bayanau ne ba tare da ita ba, hardly kuma ba ta nufin yin abu da ƙarfi, "da ƙyar" take nufi.

Tarihin waɗannan ɗafe-ɗafe yana da amfani a gare mu. Ɗafin -ly ya fito ne daga wata tsohuwar kalma, lic, mai ma'anar jiki ko siffa. Na Faransanci, wanda ɗaliban Nijar suka fi sabawa da shi, daga kalmar Latin mens ya fito, wato hankali ko zuciya, a siffarta ta mente, "da zuciya". Mai Latin yakan ce an yi abu da zuciya kaza, kamar yadda Bahaushe ke cewa "ya yi da zuciya ɗaya". Da tafiya ta yi nisa sai kalmomin biyu suka manne. Shi ya sa har gobe Faransanci ke liƙa -ment a jikin sifa ta mace: lent ya koma lente, sannan lentement, domin mens ɗin kalmar mace ce. A Sifaniyanci ma alamar rabuwar tana nan, don in aka jero bayanau biyu, na ƙarshe kaɗai ake sa wa -mente. Abin lura shi ne ɗafin bayanau ba ya faɗowa daga sama. Wani abu ne da ke wani aiki dabam, yau da gobe ta mai da shi ɗafi.

Almajiran nahawun Larabci kuma da wani ma'auni suke zuwa. A Larabci ana sa wa suna ko sifa tanwinin fataha, wato sautin -an a ƙarshe, sai ta yi aikin bayanau: jiddan, da'iman, abadan. Hausa ta aro wasu daga cikin waɗannan da ɗafinsu a jiki, irin su musamman da galiban da masalan, amma ba ta ari ƙa'idar ba. Ba wanda ke ɗaukar kalmar Hausa ya sa mata -an don ta zama bayanau. Kalmomi irin su "sannan" da "bayan" kama ce kawai ta sauti: na farko daga "sa'an nan" yake, na biyu "baya" ce da mahaɗin -n.

Ɗafin -e da bayanau na yanayi

Hanya mafi yalwa a Hausa daga aikatau take tasowa, ba daga sifa ba. A nan ne babban bambancinta da Turanci. Ana ɗaukar saiwar aikatau a sa mata gajeren wasali -e, karin sautin kuma ya zama ƙasa a gaɓoɓin farko, sama a ta ƙarshe. Zauna ya ba da zaune, tsaya ya ba da tsaye, ɗaura ya ba da ɗaure, sani ya ba da sane, tafi ya ba da tafe. Abin da ya fito yana bayyana yanayin da mutum ko abu ke ciki bayan aikin ya auku. Wanda yake kwanciya bai kai ƙasa ba tukuna; wanda yake kwance ya riga ya kai.

Wasalin -e yakan taɓa baƙin da ke gabansa. Wannan shi masana tsarin sauti ke kira ganɗantawa, wato jan sauti zuwa ganɗa. T yakan koma c: kwanta, kwance, sata, sace, rubuta, rubuce. S yakan koma sh: fasa, fashe. D da z sukan koma j: gudu, guje, ciza, cije. W yakan koma y: hawa, haye. Saboda haka ɗalibin da ke neman asalin "a guje" a ƙamus dole ya san cewa wurin "gudu" zai nufa.

Irin wannan kalma tana zama a wurare uku. Tana bin "yana" da 'yan'uwansa: yana zaune, suna tafe. Tana bin "a": ya ci abinci a tsaye, ta amsa a fusace, ƙofa a buɗe take. Tana kuma jan "da" in akwai abin da aikin ya faɗa wa: yana riƙe da sanda, tana goye da yaro, suna sane da maganar. Ana iya ninka ta in abubuwan suna da yawa, kamar a zazzaune, a warwatse, a rarrabe. Masu karatun zaure za su ga kamarta da abin da nahawun Larabci ke kira hali: shariba jalisan daidai yake da "ya sha a zaune".

Wasu daga cikin waɗannan kalmomi sun daɗe suna aiki har an manta daga aikatau suke. "Tare" daga tara take, "game da" daga gama, "dangane da" daga dangana, "fiye da" daga fi. Mai magana ba ya jin aikin tarawa a cikin "mun tafi tare", kamar yadda Bafaranshe ba ya jin zuciya a cikin lentement.

To ashe -e shi ne -ly? Ba ɗaya suke ba, ko da yake sukan haɗu a hanya. A "ya amsa a taƙaice" da "ta fita a gaggauce" sun haɗu, domin yadda aka yi aikin ake faɗa. Amma a "an kawo naman a dafe" yanayin naman ake faɗa, ba yadda aka kawo shi ba. Sannan ba kowane aikatau ke karɓar ɗafin ba (zo da ce da ba, misali, ba sa karɓa), ba kuma kowace kalma mai ƙarewa da -e ce daga nan ta fito ba. "Gobe" bayanau ne, amma babu wani aikatau a ƙarƙashinsa.

Bayanau daga suna: ragi maimakon ƙari

Rukuni na biyu ƙarami ne, amma tsoho ne, kuma ya rushe tunanin cewa gina bayanau kullum ƙari ne. A nan ragewa ake yi. Zuciya ta koma zuci (ya riƙe ta a zuci), safiya ta koma safe, gaskiya ta koma gaske, tsakiya ta koma tsaka, kai ya koma ka (ta ɗora a ka). Wani lokaci wasalin ƙarshe ne ke sauyawa zuwa -a: baki ya ba da baka, wanda muke ji a "adabin baka", jiki ya ba da jika, kamar a "ya ji a jika". Wani lokaci kuma babu abin da ido zai gani a takarda. "Rana" da ake nufi da halittar da ke sama tana ƙarewa da dogon wasali, "rana" ta cikin "da rana" kuwa da gajere. Haka "dare" da "da dare". Ƙasar da ake nomawa karin sama ne duka da dogon wasali, "ƙasa" ta "ya faɗi ƙasa" kuwa murya tana sauka a gaɓar ƙarshe, wasalin kuma gajere.

Yawancin kalmomin wannan rukuni sassan jiki ne, ko wuri, ko lokaci, kuma ƙofarsa a rufe take: ba a ƙirƙirar sababbi. Ba wanda zai rage "asibiti" ko "makaranta" ta wannan hanya. Paul Newman, wanda ya wallafa babban littafinsa na nahawun Hausa a 2000, yana da ra'ayin cewa ta fuskar tarihi ƙarshen mata irin su -iya ƙari ne da ya zo daga baya, kuma gajeren wasalin ƙarshe ya girmi dogon. In haka ne, "zuci" ba guntun "zuciya" ba ne. Shi ne ya fi kusa da tsohuwar siffar kalmar, sunan ne ya yi girma ya bar shi.

Ɗafin da ke girma: -ance

Nan ne maganar ta fi armashi. Hausa tana gina aikatau daga suna ta hanyar ɗafin -ta ko -nta: gaggawa ta ba da gaggauta, tsoro ya ba da tsorata, asiri ya ba da asirta, mutum ya ba da mutunta. Tunda aikatau ne, suna karɓar -e kamar su zauna da tsaya, t kuma ya koma c: a gaggauce, a tsorace, a asirce, a mutunce. Zuwa nan babu sabon abu. Matakai biyu ne a jere, suna ya zama aikatau, aikatau ya zama bayanau.

Amma a saurari labaran rediyo ko a duba jarida: a hukumance, a dokance, a likitance, a kimiyyance, a addinance, a shari'ance, a al'adance, a gargajiyance, a siyasance. Ga kaɗan daga cikinsu akwai aikatau a tsakiya, don ana cewa an siyasantar da magana, an zamanantar da sana'a. Ga da yawa kuwa babu shi a bakin mutane. Ba a saba jin an likitanta abu ko an dokanta shi ba, amma "a likitance" da "a dokance" ba sa yi wa kowa nauyi a kunne. Ma'ana, masu magana sun tsallake matakin tsakiya. Sun ji -ance a matsayin guntu ɗaya da ake liƙa wa suna kai tsaye, tare da "a" a gaba da karin nan na ƙasa-ƙasa-sama.

Ma'anar ma ta matsa. "A fusace" yanayin mai magana ne. "A hukumance" da "a kimiyyance" kuwa fuskar da ake duban magana ta cikinta suke nunawa, ko ƙa'idar da aka bi: abu ya tabbata a hukumance, ba a tabbatar da shi a kimiyyance ba. Irin wannan bayanau yakan hau kan jimla gaba ɗaya, har ya zo a farkonta: "A shari'ance, cinikin bai ƙullu ba." In akwai wani abu a Hausa da ya cancanci a kira shi ɗafin bayanau a ma'anar da masu Turanci ke nufi, to wannan ne.

Dalilin bunƙasarsa a fili yake. Aikin jarida da fassarar labarai da koyar da darussan zamani sun kawo buƙatar faɗin "ta fuskar kaza" sau da yawa a gajeren lokaci, harshen kuma yana da ƙirar da ta dace a hannu. Sunayen harsuna sun share hanya: Turanci da a Turance, Larabci da a Larabce, ga kuma a Hausance, wanda ke nufin da harshen Hausa ko bisa ɗabi'ar Hausawa.

Inda ra'ayi ya bambanta

Saɓani na farko a kan ajin kalmar ne. Akwai masu ganin "zaune" da "tsaye" wani nau'in suna ne, hujjarsu kuwa ita ce wurin zamansu: "yana zaune" kamar "yana gida", "a tsaye" kamar "a kasuwa". Akwai masu barinsu a cikin aikatau, tunda daga can suka fito kuma suna jan abin da aiki ya faɗa wa. Newman da Philip Jaggar, wanda nasa littafin ya fito a 2001, sun lissafa su cikin bayanau. Wannan ne ya fi ƙarfi, domin kalmomin ba su da jinsi, ba sa zama masu aiki a jimla, ba sa kuma bin "ya" ko "za su" kamar yadda aikatau ke yi. Amma hujjar masu cewa suna ba ta banza ba ce, tana tuna mana cewa a Hausa iyakar da ke tsakanin sunan wuri da bayanau siririya ce.

Na biyu a kan asalin -ance ne: daga aikatau mai -anta, ko daga suna mai -anci? Mutunci da mutunta duk suna iya haifar da "a mutunce", Musulunci da musulunta duk suna kaiwa ga "a Musulunce". Ga alama hanyoyin biyu sun taru ne suka ƙarfafi juna, kuma ga kalma irin "hukumance" babu buƙatar ko ɗaya, kwaikwayon 'yan'uwanta ya isa.

Na uku shi ne na masu kishin tsabtar harshe, waɗanda ke ganin "a kimiyyance" Turanci ne aka sa wa riga. Tsoronsu yana da tushe, don fassarar gaggawa ta ɓata jimloli da yawa. Sai dai a wannan gaɓa zargin bai tsaya ba. Buƙatar ce ta zo daga waje. Ɗafin, da ganɗantawarsa, da karinsa, duk na gida ne. Kuma harshen da kansa yana taka masa burki. Suna mai kalma biyu ba ya karɓarsa, shi ya sa ake cewa "ta fuskar tattalin arziki", ba a liƙa wa "arziki" komai.

Aikin da ba a ba ɗafin bayanau ba

Babban kuskuren mai fassara shi ne zaton duk inda Turanci ya sa bayanau, Hausa ma sai ta sa. Sau da yawa aikatau ne ke ɗauke da ma'anar. F. W. Parsons, a rabe-raben da ya yi wa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai a 1960, ya nuna yadda ƙarshen aikatau ke sauya ma'ana. "Ya shanye" ya riga ya ce gaba ɗaya. "Ya fito" ya riga ya ce zuwa nan. "Naman ya dafu" ya riga ya ce sosai. Ga kuma aikatau masu taimako: ya daɗe yana jira, ya sake zuwa, ya riga ya tafi, ya cika surutu, bai taɓa gani ba. Ga ninki, wanda wani lokaci yake ƙarfafawa (da sassafe, da daddare, da wurwuri) wani lokaci yake sassautawa (sama-sama, baya-baya). Ga amsa-kama: ya tsaya cak, ya ƙone ƙurmus, ya miƙe zumbur. Wanda ya rubuta "ya ƙone gaba ɗaya" bai yi kuskure ba, amma ya bar kalmar da ta fi zafi a ajiye.

Abin da zai biyo baya a rubutu da koyarwa

Daidaitaccen rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai a ƙamusu irin na Bargery na 1934 da littattafan masana. Wannan yana sa kalmomi mabambanta su zama ɗaya a takarda. "A rufe" na cikin "a rufe ƙofa" umarni ne, muryar tana hawa sannan ta sauka. Na cikin "ƙofa a rufe take" yanayi ne, muryar tana farawa ƙasa ta hau. "Yana ɗaure" mutum ne a cikin igiya, "yana ɗaure akuya" kuwa shi ne mai igiyar. "Mace" ta "a mace yake" daga mutu take, ba ta da alaƙa da mace kishiyar namiji. Bahaushe yakan warware wannan da abin da ke kewaye, amma mai koyo da na'urar fassara sukan faɗa ramin. Marubuci mai kula yakan rufe ƙofar shakka da ƙara "yake" ko "take". Kuma "a" kalma ce mai zaman kanta: a zaune ake rubutawa, ba azaune ba, duk da yawan ganin haka a saƙonnin waya.

A aji kuwa, darasin bayanau zai fi kama ƙasa in an fara shi da kunne. Malami ya furta "rana" biyu, ya furta "rufe" biyu, ɗalibai su faɗi bambancin kafin a taɓa allo. In aka fara da jadawalin Turanci aka ce a cike gurbin Hausa, rukunin "zuci" da "gaske" ba zai sami gurbi ba, tunda babu abin da aka ƙara masa.

Masu haɗa ƙamus su ma aiki na jiransu. Kalma irin "zaune" ba ta da wahala, duk wanda ya san "zauna" da ƙa'idar -e zai iya gano ta. "Hukumance" da "likitance" ba su da aikatau da za a sa su ƙarƙashinsa, ma'anarsu kuma ba ta fitowa daga ƙa'idar yanayi. Sai dai a ba kowace gurbinta, ko a shigar da -ance kansa a matsayin ɗafa-ƙeya, a bayyana irin sunayen da ke karɓarsa da waɗanda ke ƙinsa.